DARASI A KAN SAYEN BINDIGAR FARAUTA TA FARKO

 

Yau karatunmu ba na gero ba ne, ba kuma na shinkafa ba. Sababinsa shi ne, kwanan baya ina zaune bakin rumfa ana awon dawa, sai ga wani saurayi ɗan abokin cinikina. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Baba Alhaji, na sayar da abin da na noma, ina son in sayi bindiga in shiga farauta da rani. An yi mini tayin wata daga ƙetare, araha ƙwarai. Mi ka gani?"

Na ce, "Ɗana, zauna tukuna. Wa ya ƙera ta?" Ya ce bai sani ba. Na ce, "Takardarta fa?" Ya ce babu. Na ce, "Wane nama za ka harba da ita?" Ya ce barewa. Na ce, "Yaushe rabonka da ganin barewa a dajin nan?" Sai ya yi shiru.

To, ni ba maharbi ba ne, ɗan hatsi ne. Amma shekara fiye da 30 ina zama da maharba, suna ɗaukar hatsi gare ni da bazara, su biya in Allah ya buɗa. Na ga wanda bindiga ta rufa wa asiri, na kuma ga wanda ta cinye masa jari da yatsu da 'yanci. Abin da na gaya wa yaron shi ne zan shimfiɗa a nan, domin da yawa cikinmu muna da 'ya'ya ko barori masu wanga tunani, kuma dillali shi ake fara zuwa wa. Maganar a dunƙule ita ce, bindiga mai araha ba ita ce wadda kuɗinta ya fi kaɗan ranar saye ba. Mai araha ita ce wadda ka san asalinta, kana da takardarta, bututunta lafiyayye ne, kuma kana iya ciyar da ita shekara da shekaru ba ka taɓa uwar kuɗi ba.

FASALI NA FARKO: WANE NAMA?

Ba a sayen buhu sai an san abin da za a zuba ciki. Haka ba a zaɓen bindiga sai an san naman.

Samarinmu suna ganin maharban Amurka cikin waya, mutum ya kwanta da doguwar bindiga mai madubin hange, ya kayar da wata irin barewa mai ƙaho kamar rassan itace daga nesa. Ku sani wannan dabba babu irinta a ƙasarmu. Bindigar tasu kuwa tana da zare a cikin bututu, shi ke juya harsashi guda ɗaya ya tafi a miƙe mita 100 ko 200 har fiye. Ƙasarsu daban, dokarsu daban, namansu daban.

Mu abin da iyayenmu sunka sani a wanga daji shi ne barewa da gada da mazo da mariya da batsiya da gwanki da gadu. Sa'ad da muke yara ana kawo irin wanga nama kasuwa. Yau gonaki sun ci daji, manyan namun sun ja baya zuwa gandun gwamnati. Abin da sabon maharbi ke haɗuwa da shi galibi shi ne zabo da fakara da zomo da agwagwar ruwa a fadamun Kwara, sai gada in ya yi sa'a. Duk waɗannan ana harbinsu ne kusa, taki 20 zuwa 40, cikin ciyawa da sarƙaƙiya. Wanda ya sayi bindigar harbin nesa domin wanga aiki kamar wanda ya yi hayar tirela ne domin tiya biyu.

Kuma ba kowane nama ne na harbi ba. Tun 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji wadda ta kasa su kashi-kashi, waɗansu an hana taɓa su, waɗansu sai da lasin farauta. A 1985 gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare namun da ke neman ƙarewa, anka ƙara tsananta hukuncinta a 2016. Zaki da damisa da raƙumin dawa da ayu duk suna cikin waɗanda anka hana. Saboda haka tun ba a sayi bindiga ba, a je ofishin gandun daji a karɓi bayanin abin da anka yarda a harba da lokacinsa.

FASALI NA BIYU: YADDA DOKA TA KASA BINDIGOGI

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa su kashi 3. Duk dillali ya haddace wanga kashi kamar yadda ya haddace mudu nawa ke cikin buhu.

Kashi na 1, haramtattu. A ciki akwai bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 da milimita 9 da waɗanda ake kira .300 da .303, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Hukuncin wanda anka kama da ɗaya ba izni bai kasa ɗaurin shekara 10 ba.

Kashi na 2, na amfanin mutum shi kaɗai. A ciki akwai bindigar harsashin kwanso mai baki ɗaya ko mai baki biyu wadda ake karyawa a ɗura da hannu, da bindigar farauta mai zare in faɗin bakinta ba irin na soja ba ne, da bindigar iska. Lasin waɗannan yana hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Riƙe su ba lasin yana iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Ku lura da kyau, bindigar kwanso wadda ake ja gaba da baya ta ɗura wa kanta wani harsashi, rubutun doka bai sa ta cikin wanga kashi ba. Kada mai saye ya ruɗu da cewa ai ya gan ta hannun wane.

Kashi na 3, waɗanda ake ɗura wa ta baki, wato bindigar toka, ko mai ƙanƙara ko mai hula. Sha'anin lasinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, mu nan ke nan Birnin Kebbi.

Dokar ta ce ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda anka ɗaure kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da sunka wuce. Kuma lasin ba hakki ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. A 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasin, saboda yawan makamai a hannun jama'a. A 2024 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne, takarda ke gaba, kuɗi na baya. Ka fara zuwa wurin 'yan sanda ka ji ko ƙofar lasin irin bindigar da kake so a buɗe take. In an ce a rufe take, to, riƙe kuɗinka. Wanda ya biya kafin ya tambaya ya yi cinikin biri a sama.

Abu guda kuma, katin ƙungiyar maharba shaida ce ta cewa an san ka, amma ba lasin ba ne. Lasin uba kuma ba ya zama na ɗa. In mai bindiga ya rasu, a sanar da 'yan sanda, kada a sa ta cikin rabon gado kamar garma.

FASALI NA UKU: BINDIGAR TOKA

Ita ce wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Asalinta fataken Turai ne sunka riƙa kawo ta bakin teku, har Ingilishi sunka sa mata sunan mutanen Denmak, waɗanda ke da ganuwar ciniki a Ankara ta ƙasar Gana har zuwa 1850. Birnin Bamingam na Ingila da Liyaj na Beljiyam sun ƙera irinta masu yawa domin kasuwar Afirka. A 1890 ƙasashen Turai sunka yi yarjejeniya a Burasal, sunka taƙaita shigo da bindigogi masu zare cikin mafi yawan Afirka, sunka bar ta ƙanƙara da albarushinta a matsayin haja. Dalili ke nan da maharbin ƙasarmu ya gāji bindigar toka, maƙeranmu kuma sunka koyi gyaranta.

Alherinta shi ne, kuɗinta ya fi sauƙi, cinta kaɗan ne, gyaranta kusa, kuma tana koya wa yaro haƙuri. Mai harbi ɗaya tak ba ya gaggawa. Dole ya koyi iska, ya koyi sanɗa, ya matso kusa.

Aibinta kuwa, ba ta kai nesa, damina da raɓa suna kashe albarushinta, ɗurinta yana ɗaukar lokaci, kuma mafi girma, bututunta ba wanda ya gwada ƙarfinsa a ma'aikata. Rayuwar mai harbi tana rataye ne ga amanar maƙeri. Doka ma ba ta bar kowa ya ƙera ta ba, sai wanda 'yan sanda sunka ba izni. Saboda haka ba a sayen ta hannun baƙo. A saye ta hannun maƙeri sananne mai takardarsa, wanda Sarkin Maƙera da Sarkin Baka sunka shaida.

Na san wani bawan Allah, shekarun baya, ya sayi tasa rabin kuɗi a hannun wani mai wucewa. Ashe bututun famfon ruwa ne mai ɗinki a tsawonsa, anka shafe shi da baƙin fenti. Ta yi masa harbi kamar goma lafiya. Ran da ya ƙara mata ɗuri don ya hangi gada, sai ɗinkin ya buɗe, ta tafi da yatsunsa uku na hagu. Buhu huɗu na ba shi bashi waccan shekara don ya ci da iyali, bai kuma koma riƙon fartanya daidai ba har yau. Araha ba ta ado.

FASALI NA HUƊU: MAI BAKI ƊAYA TA HARSASHIN KWANSO

In Allah ya sa lasin kashi na 2 ya samu, to, a ganina babu abin da ya fi wa sabon maharbi irin mai baki ɗaya lamba 12. Ma'anar lamba 12 ita ce, in anka raba darma mai nauyin laba ɗaya gida 12 anka mulmula, kowace ƙwaya za ta cika bakin bindigar daidai, wato faɗin kamar milimita 18 da rabi. Ɗaya daga cikin waɗanda anka sani a ƙasashenmu na yamma ita ce Baikal, ƙirar garin Ijabsk na ƙasar Rasha. An san ta da ƙwari da jure wahala.

Dalilina 4 ne. Na ɗaya, kayan cikinta kaɗan ne, abin lalacewa kaɗan ne. Na biyu, in an karya ta kowa na ganin ko da harsashi ko babu, wannan kuwa tsaron rai ne. Na uku, bindiga guda tana aiki biyu: harsashi mai ƙananan ƙwayoyi domin zabo da fakara, mai manyan ƙwayoyi domin gada. Na huɗu, harbi ɗaya gare ta, ba ta koya wa yaro ɓarna.

Mai baki biyu ta fi ta tsada da nauyi, kuma in ta tsufa ɗaurinta yakan yi sako-sako. Wannan ta gwani ce, ba ta ɗan koyo ba.

Amma fa mai kwanso tana da ciki. Kowane harsashi kuɗi ne, mafi yawansa kuma daga waje ake kawo shi, farashinsa yana bin canjin Naira kamar takin zamani. Shi ma harsashin doka ba ta yarda a riƙe shi ba sai mai lasin, ba a kuma sayensa sai wurin dillalin makamai mai rajista. Kafin ka sayi jaki, ka san inda za ka samo harawa.

FASALI NA BIYAR: YADDA AKE DUBA TA

Ba ka sayen hatsi sai ka soka buhu ka ga ƙasansa. Ita ma haka. Ka tafi da tsohon maharbi, da rana tsaka, kada ka yi cinikin dare.

1. Ka ɗauka kowace bindiga a ɗure take har sai ka tabbatar. Mai kwanso a karya ta. Ta toka a zura sandar ɗuri ciki, a gwada tsawon da ya shiga da tsawon bututu ta waje. In sandar ba ta kai ƙasa ba, akwai tsohon ɗuri ciki.

2. Bututu shi ne uwar kuɗi. A duba shi cikin haske. Ramukan tsatsa, ko kumburi, ko lotsawa, ko tsaga, ko wurin da anka yi walda, ko ɗinki a tsawonsa, kowane ɗaya ya isa a ce albarka a tashi. Sabon fenti a tsohuwar bindiga kamar hatsi mai kyau ne a bakin buhu, a tambayi abin da ke ƙasa.

3. Mai kwanso, a rufe ta a girgiza. In bututu yana motsi a mahaɗarsa, ta gaji.

4. Kunama. A ɗana ta babu ɗuri, a bubbuga gindin a hankali. In ta faɗi da kanta, wannan bindiga wata rana za ta tashi a kafaɗar mai ita.

5. Ƙota. Tsaga a wuyan ƙota, inda hannu ke riƙewa, aibi ne babba. A kuma ɗora ta a kafaɗa a gani ko tsawonta ya dace da mai saye.

6. Lamba da hatimi. Ta ma'aikata tana da lamba, tana da hatimin gwaji a gindin bututu. Lambar ta dace da wadda ke takarda harafi da harafi. Wadda anka goge lambarta da zarto, kada ma ka taɓa ta.

7. A gindin bututun akan rubuta tsawon harsashin da take ci, 70 ko 76. Kada a sa mai 76 cikin mai 70, ko da ya shiga.

8. In ciniki ya faɗa kuma takarda ta fito, a kafa babban kwali a wurin da babu kowa bayansa, a harba daga taki 25. A ga inda ƙwayoyi sunka taru. A ƙara nisa kaɗan-kaɗan har inda sunka fara watsewa. Nan ne iyakar bindigarka, kada ka ƙetare ta.

FASALI NA SHIDA: LISSAFI

Ba mu sa farashin bindiga cikin jerin farashin wagga takarda, domin ba hajar tsakar kasuwa ba ce. Amma ga misali da buhu, kowa ya mayar da shi Naira da farashin ranarsa.

A ce samari biyu, kowa yana da kuɗin buhu 10 na gero. Na farko ya sayi ta ƙetare marar takarda a buhu 3, yana murna ya tsira da 7. Na biyu ya kashe buhu 1 wurin zirga-zirgar neman takarda, 5 ga bindiga, 2 ga abin harbi na shekara, 1 ga mai da akwati mai kwaɗo da alherin maigidan da ke koya masa, ya ajiye 1 domin gyara. A ido na farko ya fi wayo. To, ran da anka tare shi a shinge, bindiga ta tafi, 7 ɗin nan sun tafi wurin beli da lauya, noman shekara ya tafi, in ma bai tafi gidan kaso ba. Na biyu kuwa bayan shekara 10 bindigarsa tana nan, tana da daraja.

Ƙa'idar ita ce, rabin kuɗinka ga bindiga, rabi ga abin da ke biye da ita. In rabin bai isa sayen lafiyayya ba, to, lokaci bai yi ba. Kuma kada a ci bashi, kada a taɓa jari ko iri domin ta. Naman dajin yau ba ya biyan bashi.

FASALI NA BAKWAI: IYAKA DA HANYA

Wanga fasali naku ne, ya ku dillalai da masu lodi. Mun saba da ƙetare iyaka, daga Tsamiya zuwa Segbana, daga Lolo zuwa Malanbil, da masara da albasa da sauransu. Bindiga ba ta cikin wanga lissafi. Shigo da ita ko harsashinta yana bukatar izni na musamman, takardar Benin kuma ba ta aiki a Nijeriya. Ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai wadda anka sa wa hannu a Abuja a 2006. Doka ta hana cinikin bindiga ga wanda ba dillalin makamai mai rajista ba, ta kuma hana miƙa ta ga wanda ba ya da lasin. Wato wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada, ya sa wuyansa cikin igiya. Wanda ya yarda anka cusa masa ƙunshi cikin buhunan masara bai buɗe ba, motarsa da kayansa da sunansa duk sun shiga.

Kuma zamanin ya canza. Yamma da mu akwai gandun dajin da Faransa ta kafa a 1954, wanda ake kira da harafin W saboda lanƙwasar Kwara, ya haɗa Benin da Nijar da Burkina Faso. Kudu da mu akwai gandun Tafkin Kainji na ƙasar Borgu, wanda anka kafa a 1979. Farauta haramun ce a doka cikinsu duka. Ban da haka, 'yan bindiga sun shiga dajin W, har a watan Afrilu na 2025 gwamnatin Benin ta tabbatar an kashe mata soja 54 a wannan yanki. A namu gefen kuwa, kotun tarayya ta ayyana Lakurawa 'yan ta'adda a Janairun 2025. Mutumin da anka gani cikin daji da bindiga, ba takarda, ba wanda ya san shi, soja zai ɗauke shi ɗan ta'adda, ɗan ta'adda kuma zai ɗauke shi ɗan leƙen asiri.

Ba mu manta da Uromi ta Jihar Edo ba. A watan Maris na 2025, cikin azumi, maharba 'yan Arewa suna komawa Kano daga Fatakwal domin Salla, anka tare motarsu, anka ga bindigogin toka, taron jama'a ya kashe mutum 16. Zalunci ne tsantsa, Allah ya jiƙansu. Amma ya nuna muna cewa a wanga zamani ganin bindiga cikin mota kaɗai yana iya jawo halaka. Mai bindiga ya tsaya dajin da anka san shi, uban ƙasa da Sarkin Baka da 'yan sanda su san da shi, takardarsa kuma kullum tana jikinsa.

FASALI NA TAKWAS: HALACCIN NAMA DA TSARON RAI

Mun karanta babin farauta da yanka cikin Risala tun muna gaban malamai. Abin da anka karantar da mu shi ne, farauta domin abinci ko sana'a halal ce, domin wasa kawai kuwa abin ƙi ce. A ambaci sunan Allah lokacin harbi. In ka iske naman da sauran rai, sai ka yanka. In kuwa ya tsere da rauni ya kwana ba ka gan shi ba, sa'an nan ka iske shi matacce, mashhurin mazhabarmu shi ne ba a ci. Ku duba yadda fiƙihu da lissafin kasuwa sunka haɗu a nan. Bindiga marar kyau, ko harbi daga nesa da iyakarta, ba ta kashewa, sai raunatawa. Dabba ta wahala, harsashi ya tafi, nama ya zama mushe.

Game da tsaron rai, a kiyaye waɗannan. Kada a zuba garin cikin harsashin kwanso a bindigar toka, ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta, fasa ta zai yi. Kada a yi ɗuri bisa ɗuri. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana duban daji, a dakata, kada a leƙa. Kada a hau babur ko kwalekwale ko a shiga gida da ita a ɗure. Kada a harbi motsin ciyawa ko ƙyallin ido da dare, dajinmu cike yake da makiyaya da shanunsu da mata masu itace. A kulle ta inda yaro ba ya kai, abin harbi kuma a wani wuri daban, nesa da murhu.

Darma kuma guba ce. Ku tuna Zamfara a 2010, yara kamar 400 sunka rasu saboda ƙurar darma da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Saboda haka kada a narka ta a tsakar gida ko cikin tukunyar abinci, a kuma yanke wurin da ƙwayoyi sunka shiga nama a yar kafin a dafa.

KAMMALAWA

Abin da na ce wa yaron a ƙarshe shi ne, "Ɗana, mayar wa mai tayi da kayansa. Kuɗinka sayi hatsi da su yanzu da kaka, mu ajiye. Ka je ka gai da Sarkin Baka, ka roƙe shi ya haɗa ka da dattijo, ka bi shi rani guda kana ɗaukar masa gora da jaka, ka koyi sawu da iska da yanka. Cikin haka ka nemi takarda. In ta fito, ga hatsinka nan, mu sayar ka sayi lafiyayya da rana tsaka gaban shaidu. In ba ta fito ba, ba ka yi hasarar komi ba, jarinka yana nan." Ya ce, "Baba Alhaji, rani guda ai da nisa." Na ce, "Shekara 10 ta fi shi nisa." Ya yi dariya, ya kawo kuɗin, munka auna masa dawa.

Wanda ya karanta wanga darasi ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman samari da masu lodin mota. Allah ya tsare mu da cinikin da-na-sani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka cikin awo da ma'auni. Amin. Haza wasalam.